Tsohon da ke Bin Kunne

A shagon intanet, ƙarƙashin fankar da ke juyawa kamar an yi mata dole, wani tsoho na zaune, hancinsa ya kusa taɓa kwamfuta. Rigarsa ta sha guga, tabaransa kuma zare ne ke riƙe da shi. Linzamin kwamfutar kuwa da hannu biyu ya damƙe shi, sai ka ce zai tsere.

Hotunan sojojin wani tsohon yaƙi yake dubawa. Ubansa yake nema, wanda ya tafi yaƙin tun shi yana cikin uwarsa, bai dawo ba. An buga sunan, bai fito ba. Fuskar kuma bai taɓa gani ba. Shi ya sa yake bin kunne. Sai ya ƙara girman hoto, ya leƙa kunnen soja, ya shafa nasa, ya girgiza kai, ya wuce. Nasa kuwa tubarkalla, a baje suke kamar murfin tukunya. Da alama uwarsa ta sha gaya masa inda ya gado su.

Can sai ya tsaya cak. Ya gyara zaman hularsa, ya yi wa kwamfuta sallama a hankali.

Mai shagon ta leƙo ta bayansa. "Baba, ai mutum uku ne a layin nan masu irin kunnen."

"Na gani, 'yata," in ji shi, yana murmushi. "Buga min hoton, kada ki yanke kowa. Ɗaya ubana ne. Sauran biyun kuma na samu baffanni."