Gidan Ɗantani a Kan Kududdufi

Duk wanda ya tashi a Goron Dutse ya san Ɗantani magini, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya wuce katangar mutum sai ya shafa ta ya taɓe baki. Maƙwabcinmu ne. Tun yana saurayi yake gina wa mutane soraye, shi kuwa yana raɓe da iyalinsa a gidan yayansa. Abin yana cinsa, kuma ba ya ɓoyewa.

A shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, kowa a birni zancen bulo da kwano yake. Ɗantani ya ce shi ba zai kwana a tanda ba. Gidan ƙasa zai yi, bango mai kauri, rufin azara, taga 'yar ƙarama can sama, yadda ko tsakiyar bazara mutum zai shiga ya ji kamar cikin randa, ba fanka ba komai. Kuma da hannunsa zai yi aikin.

Fili ne ya gagara. Wanda ƙarfinsa ya kai shi ne wani tsohon kududdufi a bayan unguwa, ramin da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, aka yi shekaru ana zuba masa shara da toka har ya cike. Matarsa Hajo ta ce, "Malam, nan fa muka yi wanka da ƙuruciya. Ruwan yana shanye babban mutum."

"Ke dai shirya kayanki," in ji shi. Taurin kan bawan Allahn nan har yau yana ba ni haushi, don ya fi kowa sanin nauyin tubali.

Ginin ya yi kyau, ba ƙarya. Suka tare da rani, mu matan unguwa muka riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa wajen Hajo don mu sha sanyi kawai.

Ruwan farko yana sauka kwaɗi suka cika tsakar gidan. Ba a jima ba ƙofar ɗakin yara ta daina rufuwa, ya sassaƙe ta. Sai tsaga ta fito a bangon gabas, siririya, daga tushe har azara. Ya kwaɓa ƙasa ya liƙe, gari ya waye ta buɗe, har yatsa yana shiga. Gidan nutsewa yake, kowa ya gani, amma wa zai tari mutumin da ya gina rabin unguwa ya faɗa masa? Ni dai tsoro ya hana ni sake shiga.

Wata rana bayan azahar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ina ƙofar gidanmu, wadda ke kallon sabon gidan, na ga Ɗantani ya fito da Hajo da yaran, ya ce su je Ƙofar Ruwa su gaida tsohuwarta, su ɗan kwana biyu.

"Kai fa?" ta tambaye shi.

"Sai an sami mai duba indararo," ya ce, bai kalle ta ba. Ya juya ya shige.

Hajo ta daɗe tsaye, iska tana kaɗa mayafinta. Can ta kunce goyonta ta miƙo min, ta turo manyan wajena. "Yaya, kai min su wurin Inna," ta ce. Na riƙe hannunta, ta zame, ta bi mijinta ciki. Ban gama ɗaura goyon ba ruwa ya tsinke.