Baƙon da Ya Ƙi Gishiri

Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara, Dada nake tunawa, kakarmu ta wajen uba. A gidanmu na Manawashi, da an ɗauke wuta bayan isha'i sai mu kewaye murhunta, tana juya masara a kan garwashi, mu kuma mun zuba mata ido. Dada ba ta yin tatsuniyar dariya. Tata duk mai hana yaro fita fitsari ce, kuma tana sane take yi.

"Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. "Wanda ya tsorata ban da kama mini zane."

Wata mata ce mai suna Dije, gidanta ne na ƙarshe a bakin daji, inda aljanu ke shigowa gari da siffar mutane. Uwarta ta bar mata dabara guda. Duk baƙon da ya yi sallama bayan magariba, ta miƙa masa tuwo da miya mai gishiri a bakin ƙofa. In ya ci, mutum ne. In ya ƙi, ta rufe ƙofarta, don aljani ba ya cin gishiri. Shekara da shekaru dabarar nan ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Ɗanta tilo, Buba, ya tafi fatauci, aka daɗe shiru. Wata rana da magariba, hadari ya haɗo, sai ga sallama. Buba ne, ya yi ɓulɓul abinsa. Ta miƙa tuwo, ya cinye har da suɗe kwano. Ta shigo da shi tana kukan murna.

Ba a jima ba sai ga wata sallamar, murya iri ɗaya sak. Ta leƙa, ta ga mutum fuska a kumbure, ƙafafu a kumbure, yana dogara sanda.

"Inna, ni ne Buba."

Ta miƙa masa tuwo. Ya dubi kwanon ya ce, "Inna, ba zan iya ci ba, saboda..." Kafin ya ƙarasa ta banko ƙofa.

"Dada, me ya hana shi ci?" in ji ƙanwata Ladi, ta riga ta cusa kai a cinyata.

"Ciwon kumburi ya kwaso a hanya, mai magani ya hana shi gishiri. Da ta bari ya kai ƙarshen maganarsa, ai da ta ji."

Aka kwana ana ruwa. Da safe Dije ta buɗe ƙofa ta tarar da gawa, a damtsenta ga tabon ƙunar da Buba ya yi a murhu tun yana rarrafe. Ta waiwaya. Na ɗakin yana zaune, damtsensa sumul, yana murmushi, ya miƙo kwano.

"Inna, ƙaro gishiri."

Mu dai muka ƙara matsawa jikin Dada. "Ai aljanun ma suna da ido," in ji Dada. "Shekara nawa suna leƙenta ta bayan danga? Koyo suka yi. To, ta ƙare a nan, kowa ya je ya kwanta, in zai iya."

Yanzu ina Nasarawo da nawa 'ya'yan, kuma ni ma ina da irin nawa gishirin. Ba na shiga keken haya da maza ne zalla a ciki. Yaron da ya kasa duban idona, nakan ce ƙarya yake yi. Dabarun nan suna rage mini wahala, don ba ni da lokacin binciken kowa daga tushe. Amma na sha jin ɓarayi sun zaunar da mace da goyo a keke don yaudarar fasinja, na kuma ga yaro ya sunkuyar da kai don kunya kawai. Shi ya sa nake cije leɓe in bar mutum ya ƙarasa maganarsa.

Ina yarinya, na ɗakin nake tsoro. Da na haihu, tsoron ya koma kan na waje. Shi nake gani kwance cikin ruwa, ya jingina kai da ƙofa, yana jin uwarsa a ciki tana dariya, tana kiran wani da sunansa.