Gorar Maiwada da Ake Ba Ruwa

An tsinke wa Maiwada wayar rediyonsa, an naɗe ta an kai zauren mai unguwa Ɗan'azumi, kuma har yau ba wanda ya ce masa ko sannu.

Maiwada mutumin Malikanchi ne. Ya yi soja, shi ke goya akwatin wayar iska a bayansa, ya dawo gida da ɗingishi da ƙunshin wayar tagulla. Noma ya gagare shi saboda ƙafar, sai ya kama gyaran rediyo. Da aka sami mulkin kai kowa na son jin labarin ƙasa, amma tudun da ke bayan unguwarsu yana tare magana, sai shuu kake ji.

Bai yi fushi ba. Ya share tsakar gida, ya ajiye curin laka a matsayin tudun, ya kakkafa karan dawa a matsayin itatuwa, yana ɗaura zare daga wannan zuwa wancan yana nazari. Abin da ya gwada da zare yau, gobe ya gwada da waya. A ƙarshe ya ja ta daga kan tsamiya zuwa wata doguwar gora kusa da rumbu. Magana ta fito tar! Daga Paki da Gazara aka riƙa kawo masa rediyo, ya gyara, ya jona da wayar ya tabbatar ta tashi.

A gindin gorar ya binne guntun ƙarfe da ya haɗa da rediyon, kuma sai ƙasar na da danshi magana ke fita sosai. Don haka kullum da safe matarsa Zulai ke zuba ruwa a wurin.

"Malam, gorar nan ta fi ni shan ruwa," in ji ta.

"Ai ita tana kamo Kaduna. Ke ko kiran da nake miki daga zaure ba kya kamawa."

Da damina aradu ta faɗa wa bijimin wani makwabci, Inuwa, can a fadama. Inuwa ya garzaya wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, sandar da ake shayarwa kullum, me ke cikinta? Ita ta kira tsawar nan!"

Aka kirawo Maiwada, ya durƙusa da ƙyar. "Ranka ya daɗe, bijimi na fadama, waya na bisa kaina. Da ita ta yi kiran, ai ni baƙuwar za ta fara gaisarwa."

Mutane suka yi dariya, amma aka tsinke wayar. Don Allah wannan wane irin hukunci ne? Rediyoyin mutane na jibge a ɗakinsa ba halin gwadawa, kuma abincinsa ke nan.

Shi dai bai zauna ba. Hajo mai ƙosai ta kawo masa wayar birkin tsohon keken mijinta, wani mai suna Barnaba ya taho daga Paki da wasu guntayen waya. Ya ƙuƙƙulla su ya rataya. Maganar na fitowa can ƙasa-ƙasa, mata na kasa kunne suna ji, shi kuma yana cewa saura kaɗan.

To, Ɗan'azumi, kai da dattawan zaurenka: ku fito da wayar tagullar nan, ku kai masa har gida, ku sa a hau tsamiya a ɗaura ta inda kuka same ta kafin ranar kasuwa.