Mai Adireshi Biyu

Tana tsaye a ƙofar ɗakin cin abincin kamfanin, tabarau a goshi, takardu a hammata, tana tauna murfin biro kamar shi ya ɓata mata rai. Anti Tsari ma'aikata ke kiranta, don ita ta kafa shirin motar ɗauko su da abincin rana, kuma da ganin fuskarta ta yi nadama.

"Anti, ni fa na ce ban da yaji," in ji wani ma'aikaci da faranti a hannu.

"A zuciyarka ka faɗa, ƙanena, a fom ba ka rubuta ba. Matsa."

Direban motar yana matsowa, yana rage murya. "Anti, mai kula da sito ya sake. Yau ma a ƙofar makarantar yara na ɗauke shi, ba a gidansa ba."

Tana jan tsaki mai tsawo. Dokar motar adireshi ɗaya ce ga kowa, manaja kuma na jiran sunayen masu karya ta kafin a tashi. Duk wanda ya shiga takardar ya rasa motar. Abin da ke cinta shi ne aikin nan yana sanar da ita abin da ba ta tambaya ba. Matar mutumin ta tafi da yaran, a ƙofar nan kaɗai yake ganinsu.

"Makarantar tana kan hanyarka?"

"Ko kusa, Anti."

"To daga yau tana kan hanyarka. Kuma kar ka ƙara kawo min labarin kowa, mota na ce ka tuƙa."