Dambuna da Gajimaren Kawu

Shekarar da ake gina masaƙa kusa da mu a Makera, ina da shekara goma sha uku, kuma dambu ya gagare ni. In na yayyafa wa garin gero ruwa na murza, sai ya dunƙule curi-curi. Inna ta ce in ban gyara ba kafin sunan jaririn yayata, 'yar maƙwabta za ta kira ta yi. Wannan magana ta ƙona min rai ƙwarai, don ni da yarinyar ba ma ga maciji.

Ana jibi suna, da hantsi, yayyafi ya koro Kawu cikin rumfar girkinmu. Aikinsa auna ruwan sama ne a wani ofishin gona wajen Kakau, kuma akwai shi da surutu. Ya same ni ina ta fama da ƙatuwar ƙwarya.

"Ke, kin san yadda ake yin wannan?" Ya nuna waje. "Gajimaren nan ba ƙanƙara a cikinsa, ɗigo ne ƙanana ƙanana, sun yi rashin nauyin da ba za su faɗo ba. Sai wani ya ɗan fi 'yan'uwansa girma, ya fara gangarowa, yana karo da ƙanana yana haɗiye su. In gajimaren mai kauri ne, kafin ya fito ya zama ƙato. Na yau siriri ne, ɗigon bai yi nisa ba ya fito."

Inna ta ce, "Malam, ka bar yarinya ta yi aikinta."

Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙwaryata. Gari na cika mata fal, ina ta juyi ba tsayawa, kowane curi yana birgima yana kwasar na ƙasa da shi. Na ɗauko faifai na baza gari kaɗan, na murza sama-sama, na tsaya da wuri. Ya fito warawara, har na yi ihu.

Da ya turara a madambaci, Inna ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Sai ta cika kwano ta miƙo min.

"Kai wa maƙwabta. In uwar yarinyar nan ta tambayi wanda ya yi, kada ki ji kunya."

A cikin yayyafin na tafi, ko mayafi ban tsaya ɗauka ba.