Ciyawar Bayan Sandaƙarmu

Ni ba mai ilimi ba ne, aji uku na yi. Abin da na sani, a bakin kakata na ji shi. Habboba muke ce mata, kamar yadda ake yi a Sudan inda muka fito.

Lokacin muna kudu da Jidda, dab da teku, cikin sandaƙa, ɗakin katako da gwangwani. Bayanmu tudun rairayi ne, wata ciyawa mai kaushi ta lulluɓe shi. Bayan magariba Habboba kan hura gawayi ta ɗora shayi.

"Ku matso," in ji ta, "ni ba mai tallan kifi ba ce da zan yi ta ihu."

Wai Rairayi yaro ne marar wurin zama, kullum Iska na jan sa. Ciyawa ta tausaya masa, ta ce ya kwanta. Ta soka saiwoyinta ta rungume shi, ya samu barci. Sai wani mai son tsabta ya zo ya tuge ta. Rairayi ya farka bai gan ta ba, ya bi gida-gida yana nemanta, cikin tukunya, cikin idon mutane, har yau.

Babana manomi ne tun asali. A garinsu, ciyawa a bayan ɗaki shaidar gidan rago ce.

"Inna, mutane na kallonmu fa," in ji shi ga Habboba.

"Su kalla. Yanka wa awaki ganyen, ka bar saiwar. Nan ba gonarku ba ce."

Da azumi ta rasu. Bayan sadakar arba'in Baba ya ɗauki fartanya ya share tudun tas, maƙwabta na yi masa sannu da aiki. Da iska ta taso, sai muka fara tauna rairayi a tuwo. Mu kwashe da safe, ya dawo da yamma. Na ga Baba a durƙushe yana mayar da busassun saiwoyi, yana zuba musu ruwan shanmu. Ba su kama ba. Kafin aikin hajji bangon baya ya rufta. Halas, shi ke nan.

Aka rarraba mu gidajen dangi. Yayata a unguwar Bani Malik ta mutu. Ƙanena aka kama ba iƙama, takardar izinin zama, aka tura shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Ni kuwa ɗakunan haya sun gaji da ni.

Wurin yanzu kwalta ce, siminti ya danne rairayin. Shi ya samu mai riƙe shi. Mu da Habboba ta bari ne har yau muke bi gida-gida.