Hanyar Mainasara a ramin burji

Akuya ta haɗa ni da Mainasara. Wata la'asar na iske uwar garkena ɗaure ga kekenai a bakin ramin burji, tana ta kuka. Ramin nan shi na wanda masu aikin titi sunka haƙe bayan garinmu Wurno, sunka kwashe jar ƙasa sunka bar muna kwazazzabai.

Nac ce, "Kai baƙo, mi tac ci maka?"

Yac ce, "Inna, hanyata ta taka. Yanzu nib ba ta ruwa."

Na leƙa. Wata 'yar siririyar hanya ya fidda da kalme, tana sauka cikin rami tana hawa tudu tana murɗewa awa maciji, ga sawun kofato ko'ina.

"Hanyar zuwa ina? Gidan aljanu? Ƙato da hurhura shina wasan ƙasa! Kwance min akuya tun ban tara maka jama'a ba."

Ya kwance ta, har da ba ni haƙuri. Abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don ni ban gama ba.

Daga baya nij ji labarinai. Mutumen Tungar Atiku na, can ƙasar Rabah. Tun shina saurayi da keke yake kai albasa kasuwa, buhu a kariya, buhu a ƙarfen tsakiya. Da 'yan bindiga sunka tashe su, shi da keken nan kaɗai sunka iso Wurno. Matatai Juwairiyya ta rasu daminar da ta gabaci tashin, kabarinta na can gefen gonarsu. A nan facin taya yake yi bakin tasha, in rana ta yi sanyi ya gangaro rami.

Ni kuwa kullum ina can da awaki, dole ina kallo. Sai na lura ba ya hawa yadda ya ga dama. In ya zo wani gangare sai ya ɗaga gindi daga sirdi ya matse birkin baya. In ya zo wani lungu sai ya duƙar da kai, alhali ba reshe ba komi.

Nac ce, "Mi kaka duƙa ma?"

"Tsamiya, Inna. Nan Tsamiyar Makera take, reshenta ya sha ciran min hula."

Ashe hanyar garinsu ya gina cikin ramin. Ga Gangaren Yashi, ga Mashigi inda akan sauka a ɗauki keke a kahwaɗa a ƙetare ruwa, ga tudun da in ka hau kakan hangi rumbunansu. Bakin tudun nan hanyar ta ƙare. In ya kai, sai ya sa ƙahwa ƙasa ya tsaya shina kallon bangon jar ƙasa. Yac ce tsoro yake ƙahwahunai su mance, ran da za a koma gida su kai shi wani wuri.

 Na kora awaki ta ɗaya gefen, kuma can nika bi da su har yau.

Samarin gari sunka gano wurin, sunka riƙa zuwa da kekunansu masu giya da manyan tayoyi, suna tsalle kan tudu suna ihu. Na zaci zai kore su. Ina! Sharaɗi guda ya ba su: kowa ya duƙa a Tsamiya, kowa ya sauka a Mashigi. Sai ka ga ƙarti sun saɓa keke suna tsallake busasshiyar ƙasa, suna dariya. Shi bai dariya, gyara musu riƙo yake.

Matsalarsa ruwa. Ko yayyahi anka yi sai kwanar Gangaren Yashi ta zube, ya sake tara ƙasa ya tattake da ƙahwa.

Nac ce, "Wa ya koya maka daɓe da diddige? Uwarka ba ta taɓa daɓe ɗaki kana gani ba?"

Na jiƙa makuba, bawon ɗorawa ke nan, har ruwan ya yi baƙi, na ɗauko madaɓina. Muna yayyahwa muna bugu, ina zaginai shina "To, Inna." Kwanar ta yi ƙarhi awa dutse. Munka shirya in mun huta mu yi ma tudun rumbuna hakanan.

Sai ruwan shuka ya sauka, anka fara cewa hanyar garin su Mainasara ta yi sauƙi, wai wasu sun leƙa sun komo lahiya. Da hantsi ya biyo ƙohwar gidana, ya ɗaure irin gero a kariya, ya cika tayoyi iska.

"Inna, zan je in jefa iri, in share ma Juwairiyya ciyawa. Jibi ina nan."

Ya tahi. Bai komo jibi ba. Bayan sati wani direban albasa ya kawo keken bisa kaya. Yac ce jingine ya same shi ga wata tsamiya bakin hanya, ba kowa kusa. Irin na nan ɗaure, ba a ko taɓa ba. An tambaya har an gaji, ba wanda ya ga gawa, ba wanda anka kira a waya neman kuɗin fansa.

Keken na zaurena. Samarin na nan suna hawa hanyarsa cikin rami, suna duƙa ma itacen da ba su taɓa gani ba. Tudun rumbuna kuwa ruwa ya cinye rabinai, ni hannuna ba ya iya bugu ni kaɗai.

Mutane kan tambaye ni ko na hana shi tahiya ran nan. Mi zan hana? Mutumen da ya yi shekara da shekaru shina tsayawa gaban bango? Na dai bi shi har bakin titi, ya riga ya ɗora ƙahwa kan feda, nac ce mai:

"Kai, na riga na jiƙa makubar tudu. In ka bari ta lalace min, kada ka sake ce min Inna."